Benci ne ya cinye Denver, kuma daga senta ya kamata a fara gyara

Tun daren Lahadin nan, 18 ga Mayun 2025, da Oklahoma ta lallasa mu, wato Denver Nuggets, 125 da 93 a wasa na bakwai, na ƙarshe, na zagaye na biyu na filayof (wasannin sili-ɗaya-ƙwale na neman kofi) a gasar ƙwallon kwando ta NBA, ban iya zama na yi rubutu ba sai yau, don gaskiya raina bai so ko buɗe waya na ga hotunan wasan ba. Abin da ya ƙara min zafi ma shi ne lokacin da aka buga shi. Mu da muka saba tashi ƙarfe biyu ko uku na dare muna kallo a waya ƙasa-ƙasa kada mu tashi mutanen gida, sai ga wasa na bakwai an sa shi takwas da rabi na dare agogonmu, bayan isha'i, lokacin da mutum zai zauna da nutsuwa ya kalla kamar yadda 'yan ƙwallon ƙafa ke yi. Na yi cajin waya, na sayi data, ƙanina ya zo ya zauna gefena a kan tabarma, kwatar farko Denver ta wuce har da tazarar maki 11, ina ta bubbuga kafaɗarsa ina cewa yau kam sai mu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an juye mu 60 da 46, a kwata ta uku kuwa shiru kawai muka yi. Can ya juyo ya ce min, “Yaya, wai su waɗancan da ke zaune da tawul a wuya ba a biyansu albashi ne?” Tambayar yaro ce amma wallahi ita ce tambayar da ta kamata duk wanda zai riƙe ragamar kulob ɗin nan ya kwana da ita.

Ba na jin akwai mai musun cewa biyar ɗin farko na Denver a kakar 2024 zuwa 2025 suna cikin mafiya kyau a NBA. Nikola Jokic ya gama kakar nan da matsakaicin maki 29.6, ribaun (tsintar ƙwallon da ta kuskure kwando) 12.7 da fasin ci 10.2 a kowane wasa, senta fa, wato dogon da ke tsayawa kusa da kwando, mutumin da aka ɗauka a lamba ta 41 a diraf ɗin 2014, wato zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara. Ga Jamal Murray, ga Aaron Gordon, ga Michael Porter, ga Christian Braun da ya hau matakin farawa a wannan kakar kuma bai ba da kunya ba. Da waɗannan biyar ɗin aka kai Oklahoma, wadda ta ci wasa 68 a kaka, har wasa na bakwai. Matsalar tana farawa ne daga mutum na shida zuwa ƙasa, kuma shi kansa Jokic da ba mai yawan magana ba ne bayan wasan ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa suna buƙatar ƙarin mutane, ya nuna cewa ƙungiyoyin da ke da dogon benci irin su Oklahoma da Indiana da Minnesota su ne ke cin wasa yanzu. To an yarda benci za a gyara. Amma kuɗi ba su isa a gyara ko'ina ba, dole a zaɓi inda za a fara, kuma a nan ne na sha bamban da yawancin abokaina da muke gardama da su a guruf.

Su dai cewa suke a nemo masu jifan maki uku. Hujjarsu ba ta banza ba ce, Denver ce ta fi kowace ƙungiya ƙarancin gwada jifan uku a kakar nan, kuma duk mun ga yadda Oklahoma ta cunkushe tsakiya, Alex Caruso ya manne wa Jokic kamar kaska duk da Jokic ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, wani kuma na tsaye a bayansa yana jira, suna cewa ku jefa daga waje mu gani. Na yarda da duk wannan. Amma ni a wurina abu na farko shi ne senta na biyu, mutumin da zai shiga idan Jokic ya zauna, kuma zan faɗi dalili dalla-dalla don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Wasa minti 48 ne. Babu ɗan Adam ɗin da zai buga su duka har wasa 82 sannan ya shiga filayof da ƙarfinsa. Duk mai bin Denver ya san wannan faɗuwar gaban da ke zuwa a farkon kwata ta biyu da farkon ta huɗu, Jokic ya taka a hankali ya nufi benci, a ɗora masa tawul, kai kuma ka fara ƙirga maki a zuci, goma ce tazarar, bari mu ga nawa za ta rage kafin ya dawo. Sau da yawa kafin minti huɗu ta narke. Shekara nawa ana wannan abu? Tun da Mason Plumlee ya tafi a 2020 har zuwa ƙarshen kakar nan a 2025 ba a sake samun wanda ya zauna a wannan gurbi ya riƙe shi ba. An gwada JaVale McGee, an gwada DeMarcus Cousins na ɗan lokaci a 2022 kuma shi ne ma ya fi yin abin kirki amma ba a riƙe shi ba, an kawo Thomas Bryant daga Lakers a 2023 ya ƙare a zaune, DeAndre Jordan kuwa dattijo ne mai amfani a ɗakin canza kaya, kowa na yabon halinsa, amma ƙafafunsa sun riga sun ba da nasu. A 2024 aka ɗauki 'yar damar kuɗin da ta rage aka ba Dario Saric kwantiragin shekara biyu na sama da dala miliyan 10, ya buga wasa 16 kacal a kaka guda. Abin da ya fi ƙona min rai a duk jerin nan shi ne Isaiah Hartenstein. Mutane da yawa sun manta ɗan Denver ne a kakar 2020 zuwa 2021, aka haɗa shi da zaɓen diraf na zagaye na biyu guda biyu aka ba Cleveland don a karɓo McGee. A filayof ɗin 2025 ga shi can sanye da rigar Oklahoma da kwantiragin dala miliyan 87, yana tsaye a gaban Jokic yana ture shi, yana ba da irin fasin nan na senta mai ido wanda shi ne ainihin abin da bencinmu ke nema. Yana hannunmu muka sake shi.

Wani zai ce ai a filayof ba a buƙatar senta na biyu, Gordon ke komawa wurin, haka aka yi a 2023 aka ɗauki kofi. Gaskiya ne haka aka yi. Amma a duba abin da hakan ke jawowa. Gordon shi ne ke tsare babban ɗan wasan abokan hamayya, shi ne ke tsalle ya danna ƙwallon da Jokic ya ɗaga masa, shi ne ya yi dankin nan na daƙiƙar ƙarshe a wasa na huɗu da Clippers a zagayen farko, shi ne ya jefa ukun da ta ba mu wasan farko a gidan Oklahoma 121 da 119, sannan kuma a ce idan Jokic ya zauna shi ne zai koma ƙarƙashin kwando ya yi dambe da ƙattai. Mutumin da dama ya sha fama da ciwon sha-raɓa a kakar har ya rasa wasa kusan talatin. A ƙarshen wasa na shida tsokar cinyarsa ta baya ta yage, ya zo ya buga wasa na bakwai yana ɗingishi, da idona na ga yadda yake gudu kamar mai taka ƙaya, duk da haka ya tsinci ribaun 11. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, amma kulob ɗin da ya kai matsayin da mai ƙafa ɗaya ya fi duk wanda ke benci amfani, to ya san inda ciwonsa yake. Jaki ɗaya aka yi ta ɗora wa kaya har ya durƙushe.

Sannan akwai shi kansa Jokic. Ku tuna wasa na biyar, ya ci 44 da ribaun 15, kusan bai huta ba a rabin lokaci na biyu saboda kocin riƙon ƙwarya David Adelman ba shi da wanda zai amince ya sa. Muna gaba da maki tara a kwata ta huɗu, Lu Dort na Oklahoma ya jefa uku-uku har sau uku, sauran 'yan Denver kuma ƙafa ta mutu, ƙwallo sai dukan bakin ƙarfe take, aka tashi 112 da 105. Haka ma wasa na huɗu a gidanmu, muna gaba a farkon kwata ta huɗu, sai yaran bencinsu, Cason Wallace da Aaron Wiggins, suka shigo da sabon jini suka juya wasan, 92 da 87. Waɗannan wasanni biyun ne aka rasa siris ɗin, wato jerin wasannin nan bakwai, ba na bakwai ba, na bakwai gawa ce kawai aka je aka binne. Kuma ba sabon abu ba ne, a 2024 ma haka aka yi da Minnesota a wasa na bakwai, muna gaba da maki 20 a kwata ta uku a gidanmu, Jokic ya buga minti 47, numfashi ya ƙare, Naz Reid na Minnesota wanda daga benci yake shigowa ya zo a kwata ta huɗu ya yi ɓarna, aka tashi 98 da 90. Shekara biyu a jere, zagaye ɗaya, wasa na bakwai, ciwo iri ɗaya. Jokic ya cika 30 a watan Fabrairun 2025. Ba za a ci gaba da cinye shekarunsa masu kyau haka ba.

Ba ina cewa a nemo tauraro ba ne. Senta nake so wanda zai buga minti 12 zuwa 15 ba tare da gini ya rushe ba, ya tsinci ribaun, ya tsaya a bakin kwando a ji tsoronsa, ya iya yi wa Murray shinge ya buɗe masa hanya, idan kuma Allah ya sa yana da ɗan ido na fasin ƙwallo to an gama. Sannan a watan Janairu idan an yi wasa biyu a jere dare da dare ya iya farawa Jokic ya huta gaba ɗaya ba tare da mun ɗauka an riga an ci mu ba. Akwai waɗanda kwantiraginsu ke ƙarewa a bazarar 2025, Steven Adams na Houston, Clint Capela na Atlanta, Brook Lopez na Milwaukee, Al Horford da Luke Kornet na Boston. A cikinsu zuciyata ta fi kwanciya da Adams saboda ƙarfinsa da yadda yake kwaso ribaun a kwandon abokan hamayya, na ga abin da ya yi wa Golden State a zagayen farko, amma daidai wannan dalilin ne zai sa Houston ba za ta sake shi da sauƙi ba. Horford ga hankali ga jifan uku sai dai shekaru sun ja, yana dab da 39 a Mayun 2025. Ko ma wane ne, a biya kuɗin gurbin nan da gaske sau ɗaya, a daina tsintar ragowar kasuwa.

A cikin gida ma akwai mutum biyu da dole a yanke hukunci a kansu. Zeke Nnaji, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma saboda haka nake masa fatan alheri fiye da kowa, an ba shi kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 32 a 2023 da tunanin shi ne zai zama senta na biyu, amma duk wanda ya kalle shi da kyau ya san ba senta ba ne, ya fi sakewa idan aka sa shi a lamba huɗu kusa da wani dogo, yana bin 'yan wasan gefe yana tare ƙwallo. An yi ta tura shi inda ba wurinsa ba sannan ana cewa ya kasa. Sai DaRon Holmes da aka ɗauka a lamba ta 22 a diraf ɗin 2024, wanda jijiyar agararsa ta tsinke a wasansa na farko na gasar bazara, bai taka fili ba duk kakar. Ina son yaron, yana da jifa daga waje, amma wanda har ƙarshen kakar nan bai taɓa buga minti ɗaya a NBA ba kuma yana dawowa daga irin wannan rauni, zalunci ne a ce shi ne maganin ciwon shekara biyar. A bar shi ya shigo a hankali.

Gurbi na biyu a lissafina shi ne mai riƙe ƙwallo, wanda zai tsara wasa idan Murray ya zauna. Nan ne maganar Russell Westbrook ke shigowa, kuma ina so na yi masa adalci don mutane sun cika zaginsa. Ya zo a kan albashi mafi ƙanƙanta, ya ba da duk abin da yake da shi, a siris ɗin Clippers ya taimaka sosai, kuma idan yana fili tare da Jokic suna fahimtar juna, yana yanka zuwa kwando ana ba shi. Amma ban manta daren 1 ga Afrilun 2025 ba. Jokic ya ci 61 a kan Minnesota, mafi yawa a rayuwarsa, an je ƙarin lokaci har sau biyu, asuba ta kusa a nan ina zaune bakin gado da waya a hannu, muna gaba da maki ɗaya, Westbrook ya sace ƙwallo, maimakon ya riƙe ta lokaci ya ƙare sai ya nufi kwando ya ɓarar, ya dawo da gudu ya yi wa Nickeil Alexander-Walker keta a jifan uku lokaci na ƙarewa, aka ci mu 140 da 139. Wannan shi ne Westbrook, alherinsa da sharrinsa a buhu ɗaya suke zuwa. Benci da ba shi da Jokic yana buƙatar mai sanyin kai, irin Monte Morris da muke da shi a da, wanda ba ya zubar da ƙwallo, zai kawo ta a hankali ya sa kowa a wurinsa. Oklahoma da satar ƙwallo take rayuwa, ka yi sakaci sau ɗaya sun riga sun kai ɗaya kwandon, a wasa na bakwai haka suka yi ta yi mana har aka daina ƙirgawa. Tyus Jones irin wannan ɗan wasan ne kuma kwantiragin da ya yi da Phoenix a 2024 na shekara ɗaya ne. Bruce Brown kuwa, wanda ya ƙare kakar 2024 zuwa 2025 a New Orleans, ba cikakken mai tsara wasa ba ne amma ya riƙe wannan aikin a 2023, ya ci 21 a wasa na huɗu na fainal a Miami, 11 daga ciki a kwata ta huɗu, ya san tsarin gidan kamar tafin hannunsa. Idan zai dawo da kuɗi kaɗan ni dai da hannu biyu zan karɓe shi.

Masu jifan uku su ne na uku a wurina, ba don ba su da muhimmanci ba, sai don su ne suka fi sauƙin samu da araha, kuma su ne gurbin da muke da ɗan abin farawa a gida. Julian Strawther ya nuna a wasa na shida, maki 15 duk a rabin lokaci na biyu, shi ya tsawaita mana rai zuwa Lahadi. Peyton Watson yana da tsaro da tare ƙwallo, jifansa ne ke buƙatar aiki. Kuma duk wanda ya iya tsayawa a kusurwa ya jefa, Jokic zai nemo shi ko a ina yake, ba sai an biya shi miliyan ashirin ba. Tsohon hannu ɗaya mai jifa a kan ƙaramin albashi ya wadatar. Amma ka tara masu jifa uku a benci babu senta babu mai kawo musu ƙwallo, wa zai buɗe musu wurin da za su jefa?

Duk wannan maganar tana komawa kan kuɗi ne, kuma a nan ne abin ya yi tsauri. Yarjejeniyar da NBA ta yi da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta kawo wani shinge na biyu na albashi, wanda idan ka haura shi ana ɗaure maka hannu, ba ka da damar ɗaukar ɗan wasa da matsakaicin kuɗi, ba ka iya haɗa albashin mutum biyu ka yi musanye da ɗaya. Bruce Brown ya tafi Indiana a kan dala miliyan 45 na shekara biyu saboda doka ba ta ba Denver damar ba shi ko da miliyan takwas a shekara ba, wannan ba laifin kowa ba ne. Jeff Green ya tafi Houston. Amma Kentavious Caldwell-Pope da ya tafi Orlando a 2024 a kan miliyan 66 na shekara uku, tsoron wancan shingen ne ya sa aka bar shi. Tsarin babban manajan kulob ɗin na lokacin, Calvin Booth, shi ne a cike gurbin da yara daga diraf, Michael Malone kuma koci ne da ya fi yarda da tsofaffin hannu, suka yi ta ja-in-ja har aka sallame su duka biyun ranar 8 ga Afrilun 2025 saura wasa uku a gama kaka. Yaran ba su samu isasshen lokacin girma ba, tsofaffin kuma ba a kawo na kirki ba, aka tashi babu tsuntsu babu tarko.

A kakar 2025 zuwa 2026 albashin Jokic sama da dala miliyan 55 ne, a ita ce sabon kwantiragin Murray na miliyan 208 ya fara aiki, na Porter kuma kusan miliyan 38. Idan ana son senta na gaske da mai riƙe ƙwallo na gaske, ba na ganin wata ƙofa sai ta Porter, kuma ba da daɗin rai nake faɗa ba. Yaron nan an yi masa tiyatar baya har sau uku, ya buga filayof ɗin nan da kafaɗa a ɗaure wadda da kyar yake ɗaga hannu, yana cikin waɗanda suka kawo kofin farko a tarihin kulob ɗin. Ƙanina da ya fi son sa a duk ƙungiyar har fushi ya yi da na faɗi haka, ya ce, “Haba Yaya, mutumin da ya buga da hannu ɗaya shi za ku sayar?” Na ce masa ni ma ba na so, amma albashinsa kaɗai zai iya zama mutum biyu ko uku da za su taka fili a watan Mayu. Idan za a samu ɗan gefe mai jifa da ya fi shi araha, a yi amfani da rarar a kawo senta, to a yi. Idan kuma musanyen ba zai kawo senta ba, wani mai jifa kawai za a canza da wani, to a bar Porter inda yake, a ɗauki 'yar damar miliyan biyar da ɗoriya da doka ta bari a 2025 a zuba ta gaba ɗaya a kan dogon da zai zauna bayan Jokic, sauran gurabun a cike su da ƙaramin albashi.